Fuskar Kaka

Selina ta sake mayar da bidiyon baya ta kunna, kamar mai sa ran kwamfuta za ta ji tausayinta ta canza abin da ke ciki. Ba abin da ya canza.

Ga kakarta nan, Kaka Serah, zaune a kujerar roba a bakin kabarin jikanta Azariya, can gindin dutsen Kagoro. Muryarta na fita tangaram, har da 'yar rawar da tsufa ya sa mata. Amma fuskarta ta narke. Babu ido, babu hanci, babu tsagen nan da ke kumatunta. Wani dishi-dishi ne kawai ɗaure da ɗankwalin Zumuntar Mata ta coci.

A bayan kujerar kuwa ga wadda ta riƙe wa tsohuwar lema. Ita ta fito tar, har gashin idonta ana gani, har ɗigon hawayen da ya tsaya mata a haɓa. Selina ce da kanta.

Kuma ba kabarin yayanta take kallo ba. Cikin kyamara take kallo, irin kallon da mace ba ta yi wa ƙarfe da gilashi sai in akwai mutum a bayansu.

"Irfan, ka kashe ni," ta ce, ba tare da ta waiwayo ba.

Irfan na tsaye a bayan kujerarta, ya haɗa hannuwa a ƙeya. Ita ta kira shi ɗakin tacewa.

Su biyun ma'aikata ne a sutudiyon Oga Patrick, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Shi ke ɗauka, ita ke tacewa. A nan suka saba, a nan abin ya fi ƙarfinsu, suka kuma ɓoye shi iyakar iyawarsu, domin sun san garin da suke ciki. Shi ɗan Alhaji ne mai shagon atamfa a kasuwa, gidan da tun kakanni ake shimfiɗa tabarmar sallah a ƙofarsa. Ita 'yar Malam Bartholomew ce, tsohon hedimasta kuma dattijon coci, wanda bara aka tsinci gawar ɗansa Azariya a hanyar gonar citta lokacin da gari ya rikice. Har yau ba a san wanda ya kashe shi ba. Amma a gidan su Selina kowa ya riga ya yanke wa zuciyarsa ɓangaren da zai ɗora wa laifin.

Da aka tashi yin sujadar tunawa da Azariya, Oga Patrick ya tura Irfan, tunda shi ne gwanin wurin. An yi ta gunaguni da aka ga wanda ya zo da kyamara, sai da Kaka ta tsawatar. A ranar ta yi doguwar magana irin wadda ba ta taɓa yi a gaban jama'a ba. Bayan haka ta kwanta ciwo, Selina ta ajiye aiki ta koma jinya, ba ta ko buɗe bidiyon ba. Kaka ba ta tashi ba. Tsohuwar da duk rayuwarta take rufe fuska in ta ga kyamara, wannan ne kaɗai bidiyonta a duniya. Baba kuwa ya ce ranar Lahadi bayan sujada dangi za su taru a falonsa su ga fuskar mahaifiyarsa.

Selina ta juyo da kujerar, idanunta sun yi ja.

"Yi mini bayani. Ba kai ka zaunar da ni a nan ka ce, Selina, haske in ya yi ƙasa ana ɗaga shi a kwamfuta, kala in ta ɓaci ana gyarawa, sauti ma ana lallaɓa shi, amma fokas, wato kaifin hoto, in ya tafi ya tafi, ba editan da ya isa ya dawo da shi? Ba bakinka ba ne?"

"Bakina ne."

"Kai ka ce kada a yarda da ɗan allon nan na bayan kyamara, maƙaryaci ne, komai a jikinsa kyakkyawa ne. A zuƙo hoto a duba ƙwayar idon mutum kafin a danna. To yaya aka yi?"

Ya jawo wani benci ya zauna, kansa a ƙasa.

"Kin tuna hadarin da ya haɗo? Haske ya gudu lokaci ɗaya, dole na buɗe idon gilashin kyamarar har ƙarshe. Kin san halin kyamarar DSLR, in ka buɗe ta haka wurin da zai fito tar bai wuce faɗin tafin hannu ba, duk abin da ya matso gaba ko ya ja baya sai ya narke. Na kashe otomatik don kada ya riƙa yawo tsakanin lema da kawunan mutane. Na zuƙo hoton in duba ido kamar yadda na saba..."



"Sai me?"

"Sai na duba naki."

"Duk tsawon maganar nan ba ka lura ba?"

"Selina, kuka kike yi fa. Ba ni da ikon in zo in riƙe ki, ba ni da ikon ko sannu in ce miki a gaban mutanen nan. Zoben fokas ɗin nan kaɗai ke hannuna. Wallahi ban san Kaka ta fita ba. Ni a wurina hoton lafiya lau yake."

Da wata rana ce, wannan magana za ta ishi Selina abinci har mako ya zagayo, ta yi ta murmushi a keke kamar sabuwar kamu. Yau kuwa tsoro ya ba ta, sai kawai ta kifa kai a kan teburi ta fashe da kuka.

"Ka san me ka yi? Ka ɗauki asirinmu ka rubuta shi a kan fuskar kakata. Baba tun da aka binne ta bai yi hawaye ba, ya ce sai ya gan ta tana magana tukuna. Me zan kai masa?"

"Bari in je in same shi da kaina. Laifina ne, ni ya kamata ya zaga."

"Ka je Kagoro? Yanzu da ran kowa ke ɓace? Irfan, in kana ƙaunata kada ƙafarka ta taka unguwarmu. Ka yi mini alkawari."

Bai yi ba. Ya dai miƙa mata hankici, ita kuma tashin hankali bai bar ta ta lura ba.

Ta share fuska ta ce, "Ka yi ɗaukar cike gurbi?"

"Na yi. Kin san ba na barin wuri sai na yi."

Wannan ma koyarwarsa ce: duk inda ka je, bayan babban hoto ka ɗauki ƙanana, hannuwa, ƙafafu, sama, ka riƙe kowanne ba motsi na ɗan lokaci, domin wata rana su za su rufa maka asiri. Da su Selina ta wuni tana faci. Ta bar muryar Kaka tana tafiya, ta shimfiɗa hotuna a kanta: dutsen Kagoro sanye da gajimare, ruwa na ɗiga daga bakin lema, matan zumunta suna buga tukwanensu, hannuwan Kaka masu jijiya a kan sandarta. Ƙarshen sautin kuma, inda Kaka ta manta ƙaramin makirufon nan na maƙale a rigarta ta yi mata wata 'yar raɗa, ta datse shi ta cire.

Aikin ya yi kyau, ba ƙarya. Fuska ce kawai babu.

* * *

Ranar Juma'a, bayan Irfan ya tafi masallaci, wata mata ta ɗaga labulen ɗakin tacewa. Doguwa ce cikin hijabi ruwan toka. Selina ba ta buƙaci a gabatar da ita ba, domin girar Irfan ce sak a fuskarta. Raliya ce, yayarsa.

"Sannu da aiki. Ke ce Selina?"

"Ni ce, Anti. Ga kujera."

"Ba zama na zo ba." Ta dai zauna ɗin, ta sauke numfashi. "Kuma ba faɗa na zo yi ba, ƙanwata. Da faɗa ne da ya fi mini sauƙi. Hajiyarmu ta ga hotonki a wayarsa, tun ranar abinci ya daina wuce mata. Alhaji bai sani ba tukuna, kuma ba na fatan in kasance a gidan ranar da zai sani. An nuna masa Khairat 'yar ƙanwar Hajiya, yarinya son kowa, ya ce shi aiki ne a gabansa. Aiki! Yau dai na ga aikin."

"Anti, Allah ya sani ban ja shi ba."

"Na sani. Ba a jan Irfan, da ƙafarsa yake faɗawa. Amma ki gaya mini tsakani da Allah, in kun yi auren a wace unguwa za ku zauna, tamu ko taku? Ranar da gari ya sake ɗaukar zafi, wa zai ɓoye wa? Ke kin binne yaya, kin san zafin. Ni ƙane ɗaya gare ni. Kada ki sa in san abin da kika sani."

Selina ta buɗe baki. Hawaye ne suka riga ta.

Raliya ta tashi za ta fita, sai idonta ya sauka a kan kwamfuta, inda asalin hoton ke tsaye. Ta daɗe tana kallo.

"Shi ya ɗauki wannan?"

Selina ta gyaɗa kai.

"Innalillahi. Duk wanda ya ga wannan ya gama gane komai. Ki goge shi."

"Ba zan iya ba, Anti. Kakata ce a ciki. Ko da ba a ganinta, ita ce."

Ko da ta goge ma aikin banza ne, domin ƙa'idar Oga Patrick ce duk katin kyamarar da ya shigo sai an kwafe shi a ma'ajiyarsa. Selina ta san da wannan. Ba ta dai yi zaton wani zai je ya tambaya ba.

* * *

Ranar Lahadi falon Malam Bartholomew ya cika har ƙofa. Gwaggonni sun zo da zannuwan zumunta a jikinsu, an dafa faten acca, ba wanda ya ci na kirki. Samarin unguwa, abokan marigayi Azariya, sun tsaya ta taga suna leƙe.

Christopher ne ya kawo babbar talabijin da janareto a bayan motarsa. Ma'aikacin gwamnati ne, shi ke jan mawaƙan coci, kuma ya daɗe yana neman Selina ta hanyar da ya ga ta fi kusa, wato ta wajen ubanta. Irin samarin nan ne da ke durƙusa wa tsoho har ƙasa, suna satar kallon ko 'yarsa ta gani. Selina ta gani sarai, ba ta dai ji komai ba.

Ta saka filashin da bidiyon ke ciki a jikin talabijin, ta koma bayan ƙofa ta raɓe.

Muryar Kaka ta cika falon, da Hausarta ta mutanen dutse wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba.

"'Ya'yana, ni na tsufa. Na binne miji, na binne 'ya'ya, yanzu na binne jika. Zuciya ya gaji. Amma ku ji ni, kada kowa ya rama. Jinin Azariya yana hannun Ubangiji, ba hannun ku ba. Wanda ya shigo gidan mu da salama, ko wane ne shi, ku ba shi ruwa ya sha, ku raka shi har hanya."

Dutse ya wuce, lema ta wuce, hannuwa suka wuce. Mata suna kuka suna yabawa. Baba kuwa ya matso har bakin kujera, ya gyara tabarau, yana jira. Duk sanda hoto ya canza sai ya ƙara matsowa. Har bidiyon ya ƙare yana jira.

"Selina."

"Na'am, Baba."

"Ina Mama?"

"Baba, ga hannunta nan an nuna, ga sandarta..."

"Na san hannun uwata. Shi ya goye ni. Fuskarta na ce."

"Haka ake yin sa yanzu, Baba. Salon aiki ne."

Ƙarya ba ta taɓa zama a bakinta a gaban wannan mutumin ba, yau ma da ƙyar ta fito.

Christopher ya yi gyaran murya ya miƙe.

"Dadi, sori fa, amma wannan ba salo ba ne, rufa-rufa ne. Ni ranar ina tsaye kusa da kyamara, na ga inda mai ɗauka yake kallo. Jiya na biya wurin Oga Patrick na ce Dadi na son orijinal, wanda ba a taɓa ba. Ga shi ya kwafa mini."

Ya zaro filashi daga aljihun kwat.

Selina ta ce, "Christopher, don girman Allah."

"Me kike tsoro? Ba Kaka za mu gani ba?"

"Saka," in ji Baba.

Aka saka. Muryar ta sake farawa. Ga dishi-dishin nan mai ɗankwali a gaba, ga Selina a baya, ƙatuwar talabijin ta fito da ita fiye da yadda kwamfuta ta yi.

Anti Hellen, ƙanwar Baba, ta ce, "Talabijin ɗin ne ya lalace?"

"Talabijin lafiya lau, Anti. Ba ki ga Selina ta fito kamar amarya ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya ga kallon, kowa kuma ya tuna wanda ke riƙe da kyamara a ranar. Ta taga wani saurayi ya ja tsaki mai tsawo.

Kaka ta gama magana, aka ji jama'a sun ce amin. Sai dishi-dishin ya jingina baya, aka ji raɗar da Selina ta datse, tangaram, domin Irfan da hannunsa ya maƙala makirufon kuma bai taɓa wasa da sauti ba.

"Selina, rage kallon yaron nan, mutane suna gani." Sai 'yar dariyar tsofaffi. "Na sani tun tuni. Yana da hankali. Bari in huta, ni zan yi wa babanka magana."

Hoton ya tsaya.

Baba ya cire tabarau ya ajiye a cinya. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi.

"Selina, a bakin kabarin yayanki, wa kike kallo?"

Ta rarrafo ta durƙusa a tsakiyar falo.

"Irfan ne, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Yaya ya rasu. Baba, na yi addu'a, na yi azumi, na roƙi Ubangiji ya cire mini shi. Bai cire ba. Ka yafe mini."

Kafin ya amsa aka ji hayaniya a tsakar gida, sannan wata murya daga bakin ƙofa.

"Salamu alaikum."

Selina ta runtse ido. Ta san muryar nan ko a cikin barci. Ashe shirun da ya yi mata ranar nan shi ne amsarsa.

Irfan ya cire takalmi ya shigo, samari na tunkuɗar juna a bayansa. Ya tsuguna a gaban Baba. Ya kalli talabijin sau ɗaya, ya gane ya makara.

"Baba, ni na ɓata aikin. Selina ba ta da laifi, gyara ta yi ƙoƙarin yi. Na zo ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama."

"Ka ji shi fa!" in ji Christopher. "Har cikin gida! Gaskiya kana da ƙarfin hali, mai gida. Bois, me kuke jira?"

Baba ya ɗaga sandar da ke jingine a kujerarsa, sandar Kaka ce, ya buga ta a ƙasa sau ɗaya.

"Da salama ya shigo. Kun ji uwata da kunnenku. A kawo masa ruwa."

Selina ta yunƙura.

"Ba ke ba."

Anti Hellen ce ta kawo, fuskarta a murtuke. Irfan ya karɓa da hannu biyu ya sha.

"Yaro," in ji Baba, "za ka iya dawo mini da fuskarta?"

"A'a, Baba. Ba mai iyawa."

"Ko a Kaduna? Ko a Legas?"

"Za a iya zana wata fuskar a ɗora, Baba, amma ba tata ba ce. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"Kana son 'yata?"

"Ina sonta, Baba. Da aure."

Falon ya kaure. Wata gwaggo ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Yesu. Baba ya jira har suka gaji.

"Da ka zo mini tun farko da wannan magana, da na ce maka a'a, mu rabu da mutunci, in mun haɗu a kasuwa mu gaisa. Ba kai ka kashe ɗana ba, ban taɓa cewa kai ne ba. Amma aiki ɗaya aka ba ka. Ka kalli tsohuwa na ɗan lokaci kaɗan, tsohuwar da ta hana a kore ka daga wurin. Ka kasa. Yanzu tattaɓa-kunnenta da ba a haifa ba in sun ce yaya kamanninta, me zan nuna musu?"

Irfan ya sunkuyar da kai. Hawaye ne ke sauka a kan gemunsa.

Baba ya juya ga Christopher.

"Kai ma ɗauki janaretonka ka bi hanya. Ka san abin da ke cikin nan tun jiya. Da ka same ni a ɗaki ni kaɗai. Ka zaɓi ka tsiraita 'yata a gaban dangi don a ce ka iya. Wanda ya yi mata haka tun bai aure ta ba, ba zan ba shi ita ba."

"Dadi, ni taimako..."

"Talabijin ɗin ka bar mini zuwa gobe. Sauka lafiya."

Sannan ya miƙe ya kama Irfan a wuyan hannu, kamar yadda yake kama ɗalibi a zamanin da yake hedimasta. Ya ratsa da shi ta tsakiyar samarin nan, sandar Kaka a ɗaya hannun. Ba wanda ya iya ko tari. Ya raka shi har bakin titi inda ya ajiye mashin, sannan ya juyo.

* * *

Dangi suka zame ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. Hadari ya sake haɗowa a kan dutsen. An kawo wuta, fankar falo ta fara juyawa a kan kwanukan faten da ba a ci ba.

Selina na nan durƙushe inda aka bar ta. Wayarta ta yi motsi a cikin zani, ta duba a ɓoye. Saƙon Irfan ne.

"Ina bakin titi ban tafi ba. In kin fito mu wuce wurin kawuna a Mararaban Rido, shi zai tsaya mana. Zan jira har ruwa ya sauko."

Baba ya dawo ya zauna. Ya lalubi rimot ya mayar da bidiyon farko, asalin, ba wanda ta gyara ba. Da muryar Kaka ta fara sai ya jingina da kujera ya rufe ido. A nan ne hawayen da ya riƙe tun ranar jana'iza suka samu hanya, suna bin kumatunsa suna shiga wuyan rigarsa.

Ta matso da gwiwoyinta ta kama ƙafarsa.

"Baba, ka ji abin da Kaka ta ce a ƙarshe. Ta sani, ba ta yi fushi ba. Ta ce za ta yi maka magana."

"Ta ce za ta yi. Ba ta yi ba. Abin da ta faɗa a gaban jama'a na cika shi. Na ba shi ruwa, na raka shi har hanya."

"To ni fa, Baba?"

Ta ƙara ƙanƙame ƙafarsa.

"Ka dake ni. Ka zage ni. Ka ce in bar aikin, zan bari. Ka ce in rabu da shi, ka dai faɗi wani abu in san inda nake."

"Ban kore ki ba. Ga ɗakinki nan. Ƙofa kuma ba a kulle take ba."

Iska ta bugo labule. Ta kalli ƙofar, ta kalli mahaifinta. Mutumin nan ya rasa ɗa, ya rasa uwa, matarsa ta daɗe a ƙasa. In ta taka ƙofar nan yau, ba wanda zai rage masa. Ta san haka, ta kuma san wanda ke tsaye a bakin titi ba zai iya sake shigowa unguwar nan ba har abada. 

Ɗigon farko ya bugi kwanon rufi. Na biyu ya biyo.

"Baba, ga ni ban tafi ba. Ka buɗe ido ka dube ni. Sau ɗaya kawai."

"Na gan ki, Selina," ya ce, muryarsa a dashe. "Daga yau duk sanda na nemi fuskar uwata, ke zan gani. Ya ishe ni."

Ruwan ya kece. Ta cikin ƙararsa ta ji an tada mashin can bakin titi, ya daɗe yana kuka a wuri ɗaya, sannan ya kama hanyar Kafanchan har ta daina jin sa.

Bidiyon ya kai ƙarshe. Baba ya lalubi rimot ya sake mayar da shi farko, bai buɗe ido ba.